Sulke da Lifidi: Yadda Ake Haɗa Kayan Mayaƙin Da, Daga Rum Zuwa Ƙasar Kabi da Gwandu

 

Iyayenmu hakimai da dagatai, Allah ya ja zamaninku, ya ƙara muku lafiya. Malamaina na wannan jami'a ta Aliero da na makarantun Jega da Maiyama, Allah ya gafarta muku. Iyayena maƙera, dukawa, majema, masaƙa da maɗinka da kuka rufe rumfunanku kuka zo, sannunku da zuwa. Ƙannena ɗalibai maza da mata, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗalibai masu wasan kwaikwayo ne suka nemi in yi bayani a kan yadda ake haɗa kayan sojan Rum na zamanin da, irin wanda suke gani a finafinai: hular ƙarfe, rigar ƙarfe, doguwar garkuwa da gajeren takobi. Zan yi bayanin, domin akwai ilimi a ciki. Amma na roƙi a gayyato masu sana'ar hannu saboda maganar ba za ta tsaya a Rum ba. A wannan ƙasa da muke zaune an yi mayaƙa masu kayansu na kansu, kuma yau yaron Jega ya fi iya zana sojan Rum a kan ya zana ɗan lifidin Sarkin Gwandu ko baraden Sarkin Kabi. Wannan abu yana damuna ƙwarai.

Mu fara da Rumawan. Ba baƙi ba ne ga nahiyarmu. A shekara ta 19 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, wani kwamandansu mai suna Balbus ya kai yaƙi har Garama a yankin Fezzan, kudancin Libiya ta yau. Sarkinsu Septimius Severus, wanda ya yi mulki daga 193 zuwa 211, haifaffen Libiya ne. Sun kuma ajiye soja a Gadamas, garin nan da fatakensa suka riƙa zuwa Kano ƙarnuka da yawa bayan haka.

Sojan rundunar Rum ɗan ƙasa ne, da ƙafa yake tafiya, da ƙafa yake yaƙi, kafaɗa da kafaɗa da ɗan'uwansa. Duk kayansa a kan haka aka tsara su. Daga ciki yana sa taguwar ulu mai kaiwa gwiwa, ya ɗaura ƙyalle a wuya don kada ƙarfe ya goge shi. Takalminsa na fata ne mai igiyoyi, an yanke samansa daga ƙirgi guda, an jera ƙusoshi a tafinsa don ya kama ƙasa. Ƙusoshin nan suna da illa a kan daɓe: marubucin tarihi Josephus ya ba da labarin wani jarumin Rum da suka zame da shi a farfajiyar dutse lokacin yaƙin Ƙudus a shekara ta 70, ya faɗi, aka kashe shi a nan. Garkuwarsa ta kai tsawon mita guda da ɗoriya, a lanƙwashe take don ta rungumi jiki. Siraran katako ake mannawa hawa uku, kowane hawa ya gitta na ƙarƙashinsa, a rufe da fata, a dasa ƙoƙon ƙarfe a tsakiya inda hannu yake riƙo. An tono guda kusan cikakkiya a Dura-Europos ta ƙasar Siriya, tana jami'ar Yale a Amurka yanzu. Mashinsa yana da dogon siririn wuya na ƙarfe, don in ya huda garkuwar abokin gaba ya zarce ya sami mai riƙe da ita.

Rigar ƙarfen da kuka fi gani a fim, mai falle-falle kamar an jera ɓawo, tana da labarin da nake so ku riƙe. Shekaru aru-aru masana suna kallon siffarta a jikin dogon ginshiƙin da aka kafa wa Sarki Trajan a birnin Rum a shekara ta 113, suna ta hasashen yadda fallayen suke haɗuwa. Sai a 1964 masu tono suka ci karo da wani akwatin katako a Corbridge, arewacin Ingila, cike da fallayen a naɗe, sun yi tsatsa sun manne da juna. Wani masanin kayan yaƙi, Russell Robinson, ya zauna da su, aka yanka sabon ƙarfe, aka gwada, aka kwance, aka sake gwadawa, har aka gane cewa ba a jikin riga ake ɗinka su ba. Madaurin fata ne ke ratsa su ta ciki, an kafe kowane falle a jikinsa da ƙusa, shi ya sa soja yake iya sunkuyawa fallayen su zame a kan juna. Maɓallai da 'yan ƙugiyoyin farin ƙarfe suke rufe ta gaba da baya. Robinson ya fitar da littafinsa a 1975. Kafin nan, a 1972, wata ƙungiya mai suna Ermine Street Guard ta kafu a Ingila, aikinta ƙera kayan da sa su gaban jama'a. A 1985 kuma wani Bajamushe masanin tarihi, Marcus Junkelmann, ya sa cikakkun kayan sojan Rum shi da abokansa, suka taka daga Verona ta Italiya, suka tsallaka duwatsun Alps zuwa Augsburg ta Jamus, tafiyar kimanin kilomita 500, don su ji a jikinsu inda kaya ke ciwo da inda takalmi ke cinyewa.

Mutanen nan shekara kusan 2000 ce tsakaninsu da abin da suke nema, babu mai rai da zai gaya musu ga yadda kakansa ya yi, duk da haka hannu ya gano musu abin da ido ya kasa. Mu tsakaninmu da yaƙin Giginya na Sakkwato, 15 ga Maris 1903, shekara 120 ce da 'yan kai. Akwai dattawa a garuruwan nan da suka zauna gaban waɗanda suka ga 'yan lifidi da idonsu.

Yanzu ga inda Rum da ƙasar Hausa suka haɗu. Rigar fallen nan ta yi zamaninta ta wuce cikin ƙarni uku ko makamancin haka. Abin da sojan Rum ya sa kafin ta, ya sa tare da ita, ya kuma ci gaba da sawa bayanta, shi ne sulke, wannan dai sulken na zobba da muka sani. Rumawa ma koyonsa suka yi daga mutanen Gaul, ƙasar Faransa ta yau. Mu kuwa Alƙur'ani ya riga ya gaya mana, a Suratu Saba'i da Suratul Anbiya'i, cewa Allah ya tausasa wa Annabi Dawuda ƙarfe, ya sanar da shi saƙar sulke, ya umarce shi da kyautata awon zobbansa. Malamanmu na sira sun karantar da mu cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, sulke biyu ya haɗa a ranar Uhudu. Saboda haka maƙerin da ya zauna saƙar sulke sana'ar annabi ya riƙa.

Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda aka ƙiyasta mulkinsa daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke cikin yaƙin Hausa. Wani masani, A. D. H. Bivar, ya bi fadodin Arewa yana duba tsofaffin kayan yaƙi, ya buga littafinsa a 1964, ya nuna cewa da yawa daga cikin tsofaffin sulkunan daga waje suka zo, ta hanyar Sahara, daga Masar da maƙwabtanta. Shi ya sa sulke ya zama kayan sarakuna da manyan barade, ana gadonsa, ana yi masa faci, ba a yar da ko guntunsa.

Bari in faɗi yadda ake yinsa, iyayena maƙera su gyara mini in na kauce. Waya ake fara samu. A da sai an buge ƙarfe ya sirance, a riƙa jan sa ta ƙananan ramuka har ya zama waya. Yau ana sayenta a kasuwa. A naɗe ta a jikin sandar ƙarfe mai kaurin fensir, naɗi kusa da naɗi, a zare, a bi tsawon naɗin da yanka. Kowane zagaye ya zama zobe mai buɗaɗɗen baki. Daga nan hanya ta rabu biyu. Mai gaggawa sai ya matse bakin zoben da awartaki, baki ya taɓa baki, ya wuce. Wannan ya isa wasan kwaikwayo da hawan salla, amma tsinin mashi yana buɗe shi. Mai yin na gaske sai ya gasa zoben ya yi laushi, ya ɗora baki ɗaya a kan ɗaya, ya buga da masaba wurin ya yi faɗi, ya huda shi da ɗan tsinken ƙarfe, ya sa ƙusar da ba ta kai ƙwayar gero biyu ba, ya danne. Zobe guda ke nan. Rumawa sun rage wa kansu rabin wahala: layi ɗaya zobba ne rufaffu da aka fasa daga fallen ƙarfe, layi na biye masu ƙusa, su ne ke haɗa na sama da na ƙasa.

Dokar saƙar ɗaya ce: kowane zobe ya ratsa huɗu, biyu a sama, biyu a ƙasa, kuma duk zobban layi su kwanta gefe guda, na layin da ke biye su kwanta ɗaya gefen. In zobe ɗaya ya juya, ido ba zai gani nan take ba, sai an yi nisa a ga saƙar ta murɗe. Wuri mafi wuya shi ne hammata, inda saƙar jiki da ta hannu suke gamuwa, da kuma faɗaɗa rigar daga ƙirji zuwa ƙugu, wanda sai an riƙa saka ƙarin zobe a tsakiyar layi. Riga guda takan ci zobba dubbai masu yawa, gwargwadon ƙanƙantarsu. Mu ƙaddara 30,000 ne, mu kuma ƙaddara gwani yana rufe ɗaya a minti guda. Awa 500 ke nan, wato fiye da wata biyu ga mai aikin awa 8 kullum, ban da lokacin jan waya da yanka. Nauyinta yakan kai kilo 10 ko fiye, kuma duk a kafaɗa yake sauka, sai an ɗaura ɗamara sannan ƙugu ya karɓi rabonsa. In ta yi tsatsa, a zuba ta cikin buhu ko ganga da yashi a yi ta mirginawa, zobban su goge junansu.

Amma sulke kaifi yake tsarewa, ba ya tsare nauyin sara. Takobi ba zai yanka ba, ƙashin da ke ƙasa kuwa zai karye. Maɗoran Aliero, waɗanda ake kawo wa masu karaya daga nesa, sun fi kowa sanin abin da duka ke yi wa ƙashin wuya da haƙarƙari ko da fata ba ta tsage ba. Dole a sa wani abu mai taushi da kauri a ƙarƙashi. Wannan ya kawo mu ga lifidi, wanda a ganina shi ne asalin gwanintar ƙasarmu.

Me ya sa kakanninmu ba su bi hanyar fallen ƙarfe ba, alhali suna da tama, suna da maƙera? Domin abin da suke tsoro daban ne. Babban mayaƙinmu mahayi ne, kuma abin da ya fi kashe mahayi da dokinsa shi ne kibiya mai dafi, dafin da ake dafawa da ƙwanƙwani. Kibiyar ba ta da nauyi, amma ƙwarzane kaɗan ya isa. Maganinta kauri ne, abin da zai shanye tsinin tun bai taɓa fata ba, kuma ya rufe doki tun daga wuya har ƙasan gwiwa. Babu ƙarfen da zai yi wannan aiki doki ya iya ɗauka a zafin bazarar ƙasar nan.

Lifidi aikin masaƙi ne da maɗinki. A haɗa ƙyallen saƙi mai ƙwari hawa biyu, a shimfiɗa audugar rimi ko auduga a tsakani, a bi da basilla da zare mai kauri layi-layi, a gitta, yadda audugar za ta kulle cikin ƙananan gidaje ba za ta gangara ƙasa ba. Mai yin katifa da mai yin huhun sirdi sun san wannan ɗinki. Wurin lura shi ne matsi: in layukan sun yi nisa da juna auduga ta tattaru gefe ta bar wuri fayau, in sun matsu ainun lifidin ya sandare mahayi ya kasa ɗaga hannu. A waje akan jera ƙyallaye masu launi, ja da ɗorawa da kore da baƙi, don a gane mutanen wane ne daga nesa. Kwalkwali kuma iri-iri ne: akwai na ƙarfe, akwai wanda aka cusa da tsumma ya yi tauri aka ɗora masa farin ƙarfe, aka soka gashin jimina a ƙololuwa. Garkuwa ta dukawa ce da majema, daga fatar warwaji ko ɓauna ko giwa. Waɗannan namun sun ƙare a dazuzzukanmu, wanda ya rage kuma doka ta hana taɓa shi, sai mu yi da ƙirgin sa mai kauri a riɓa shi.

Lifidi yana da nasa aibi, kuma tarihin wannan yanki ya nuna shi. Kun san Gimbana tana nan ƙasarmu. Harin da Gobirawa suka kai wa jama'ar Malam Abdussalami a can, ƙarshen 1803, yana cikin abin da ya kai ga hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu a Fabrairun 1804. Da aka haɗu a Tabkin Kwatto a watan Yuni na shekarar, Sarkin Gobir Yunfa ne mai dawaki da 'yan lifidi, jama'ar da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya jagoranta kuwa akasarinsu 'yan baka ne a ƙasa, dawakinsu kaɗan. 'Yan bakan suka yi rinjaye. Bayan shekara 22, a 1826, Baturen nan Clapperton ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a yaƙin Konya, ya ga yanzu su ma suna da 'yan lifidinsu, ya kuma rubuta cewa sai an kama wa mahayi kafin ya hau. Wanda sai an ɗora shi, in ya faɗo ba ya tashi da kansa. Auduga tana kama wuta, in ta sha ruwa kuma nauyinta ya riɓanya. Ku tuna da fadamun Gulbin Zamfara da na Gulbin Kabi da damina, za ku gane dalilin da ya sa yaƙi ya fi zama aikin rani.

Jega kanta daga wannan tarihi ta fito. Buhari ɗan Abdussalami ne ya kafa ta wajen 1820, ta bunƙasa ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin daular Sakkwato, matattarar fataken da ke bin hanyar Gwanja. A mafi yawan wancan ƙarni an yi ta gwabzawa tsakanin Gwandu da Kabawan Argungu, kuma ƙasar da muke kai tana tsakiyar abin. A zauren nan akwai jikokin kowane ɓangare, yau an yi auratayya an zama ɗaya. Ban kawo wannan don tada tsohon miki ba. Kayan da ɓangarorin biyu suka sa iri ɗaya ne, hannun talakawa masu sana'a ne ya yi su, kuma su ne tarihi ya fi mantawa da sunayensu.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda muke nuna kakanninmu. Za a shirya wasan kwaikwayo ko fim a kan Kanta na Kabi, gwarzon da ya tsaya wa Askiya na Songhai a farkon ƙarni na 16, ya gina Surame, sai a fito da shi da rigar leda mai ƙyalli, da ɗaurin fata a tsintsiyar hannu, da hula mai tukkun tsintsiya. Wannan ko na Rum bai zama ba, domin yawancin abin da finafinan waje ke ɗora wa sojan Rum ƙirƙirar masu fim ne. Yaro ya kalla ya tashi da zaton kakansa ba shi da komai sai abin da ya ara. Ga shi kuwa a Kano da Katsina da Zariya har yau 'yan lifidi da 'yan sulke suna fitowa a hawan salla, kuma a 2024 UNESCO ta sa hawan Kano cikin al'adun duniya da ake karewa, kamar yadda ta sa bikin kamun kifi na Argungu a 2016. A Argungu akwai gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fada da aka buɗe wa jama'a a 1958, da makaman da a ciki. Daga nan zuwa can tafiyar safiya ce.

Ga abin da nake nema. A haɗa cikakkun kayan mahayi guda, shi da dokinsa, da hannun mutanen Jega da Aliero da Maiyama. Kafin a yanka ko ƙyalle, ɗalibai su je Argungu da Birnin Kebbi, su nemi izni, su auna abin da ke ajiye: faɗin zobe, kaurin waya, tazarar ɗinki, nauyin kowane yanki. Su zauna da dattawan gidajen sarauta da na maƙera da waya a hannu, su naɗi bayaninsu da sunan kowane ɓangare na kayan kamar yadda suke kiransa da harshen nan namu na yamma. Sashen injiniya na jami'ar nan yana da na'urorin gwaji. A ɗinka guntayen lifidi masu kauri daban-daban, a saƙa guntun sulke mai ƙusa da marar ƙusa, a gwada su a jikin buhun yashi, a rubuta sakamako. Ku 'yan wasan kwaikwayo, in aljihu bai kai ba, ku yi zobbanku da wayar alminiyam, ku yi kwalkwali da kwali da tsumma, babu laifi, muddin siffar da awon na gaskiya ne.

Sai kashedi, saboda halin tsaron da muke ciki. Kayan kariya nake magana a kai. Takobi da mashin da za a haɗa da su a bar su dakusassu, a yi komai da sanin hakimi da jami'an tsaro, a kuma ajiye su a makaranta ko fada, ba a ɗakin kwanan ɗalibi ba.

Kuma a biya masu sana'a haƙƙinsu. Maƙerin da zai bar ƙirar garma da lauje wata biyu yana saƙa zobba iyali gare shi. A rubuta sunansa a jikin allon da za a kafa kusa da kayan, shi da maɗinki da baduku, a kuma ba kowannensu yaro biyu ko uku su koya a gabansa.

Iyayenmu sarakuna, Allah ya taimake ku, roƙona gare ku shi ne ku buɗe mana taskokin gidajenku. In akwai guntun sulke a tsohon adudu, ko yagaggen lifidi da asu ya fara ci, kada a ga tsufansa a zubar. A kira ɗalibai su auna, su ɗauki hoto, a mayar muku da kayanku. Iyayena masu sana'a, duk wanda ya gaji wani abu na wannan aiki, ko da a baki ne, ya tsaya bayan an tashi mu rubuta garinsa da unguwarsa. Ku kuma ƙannena, ina so kafin babbar salla mai zuwa a ce ga guntun sulke mai faɗin tafin hannu da kuka saƙa da kanku, zobe cikin huɗu, kowanne da ƙusarsa.